Ranar da Aka Yanke Motar Fassouma

Asabar ce, cikin watan Yuni na 1996. Da a ce matar da ta yi alkawarin zuwa kitso da rana ta zo, da Fassouma ba ta koma gida ba sai bayan magariba. Matar ba ta zo ba, ba ta kuma yi waya ba. Fassouma ta share gashin da ya zube a shagon, ta wanke matazai, ta hau bas ta nufi unguwarsu, Glenwood, a garin Greensboro.

Ba ta saba hawa bas ba. Da safe ne mijinta Tahirou ya ce ta bar masa makullin mota, wai shi da abokinsa Rabiou za su canza mata baƙin mai. Ta ɗan yi jim kafin ta miƙa masa, don ba ta son kowa ya taɓa motar, amma ta ga abin bai kai na musu ba.

Motar kuwa Chevelle ce ƙirar 1970, koriya mai duhu, da farin layi biyu kwance a kan bonet. Idan injinta ya tashi har tagogin maƙwabta sai sun amsa. Wata tsohuwa mai suna Mis Odessa, wadda Fassouma ke bi har gida tana yi wa kitso, ita ta sayar mata bayan rasuwar mijinta. Kafin ta sayar sai da ta koya mata tuƙi a filin ajiye motoci na cocinsu, tana zaune a gefe tana ɗaka mata duka a cinya duk sa'ad da ta saki kuloci da gaggawa. A Damagaram ko keke Fassouma ba ta taɓa hawa ba. A nan ta koyi duba mai da ruwa, ta koyi sauraron inji, ta san ranar da yake lafiya da ranar da yake tari. Duk Lahadi da safe ita ke wanke motar da hannunta, ta tsuguna ta bi janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, jantin nan na asali da motar ta fito da su daga kamfani, masu launin toka da ɗan ƙyalli a baki.

Amma a bakin 'yan Nijar na Greensboro, sunanta motar Tahirou. A wurin suna, a filin Idi, a shagon nama, haka ake cewa, ko da kuwa Fassouma ce ta fito daga wajen sitiyari a kan idon kowa.

Tun daga kwanar layinsu ta fara jin ƙarar. Irin ta injin yankan ƙarfe ce, mai shiga har cikin haƙori. Ta ɗauka ɗaliban da ke haya a gidan gaba ne suke wani shirmensu. Da ta matso sai ta ga motoci a ƙofar gidanta, ta ga maza a baranda sun kewaye butar shayi, ta kuma ga tartsatsin wuta yana tashi daga bayan motarta.

An ɗage bayan motar a kan jak. A gaba an riga an ɗaura mata waɗansu janti masu faɗi, masu walƙiya kamar sabon tire na kayan aure, har rana na dukan su tana kashe ido. Rabiou na durƙushe a gefen hagu na baya, ya ɗaure fuska da tsumma, yana bin bakin ƙarfen da ke saman taya da inji. Wani yanki na jikin motar, mai tsawon hannu, yana kwance a kan ciyawa, koren fentinsa yana sama.

Fassouma ba ta yi ihu ba. Ta bi wayar lantarkin da ido har zuwa tagar kicin inda aka zuro ta, ta kama da hannu biyu ta fizge. Injin ya yi gurnani ya mutu. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar shayi da wani ke zubawa daga sama, shi ma ya tsaya.

Tahirou ya fito daga bayan motar yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da dariya.

"Kash, Maman Salima! Kin ɓata mana shiri. Ai so na yi ki dawo ki tarar an gama."

Salima ita ce 'yarsu ɗaya tilo, tana Damagaram wurin kakarta, kuma da sunanta suke kiran juna tun ranar da aka haife ta. Yau Fassouma ba ta bi wannan ladabin ba.

"Tahirou," ta ce, "mene ne wannan?"

Jin sunansa haka tsirara a gaban mutane ya sa dariyar ta ragu.

"Kado ne na yi miki, kyauta ce. Dubi yadda suka fito da ita. Satin gaba bikin ƙanwar Rabiou, wannan motar ce za ta ɗauki amarya. Kin ga kuwa dole a gyara mata ƙafa."

"Ba janti nake tambaya ba tukuna." Ta duƙa ta ɗauki yankin ƙarfen daga ciyawa. Da sauran zafi a jikinsa, amma ba ta sake shi ba. "Wannan nake tambaya."

Rabiou ya sauke tsumman fuskarsa. A shagon taya yake aiki, kuma yana magana da mata kamar yadda yake yi wa wanda ya zo da faci bayani.

"Madam, ba wata matsala ba ce. Na bayan sun fi faɗi, taya na gogar jiki. Kaɗan ake ragewa. Haka ake yi wa duk irin waɗannan motocin. In na gama na goge bakin na shafa fenti, ke kanki ba za ki gane ba."

"Na tambaye ka?"

"A'a, ina dai—"

"Ka taɓa ganin na shigo gidanka na yanke hannun rigarka don agogona ya shiga?"

Wani daga baranda ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Haba Hajiya, a yi haƙuri. Maigida ne ya yi don ya faranta miki. Ki bari su ƙarasa, ai aiki rabi ba shi da kyau."

Ta juya ta dube shi. "Baba, da girmanka. Shayin nan a gidana aka dafa shi, ka sha lafiya. Amma maganar motar nan ba ruwanka."

Dattijon ya ajiye kofinsa. Tahirou ya matso ya rage murya.

"Ki shiga ciki mu yi magana. Kina ba ni kunya."

"Ina jantina?"

"Waɗanne?"

"Nawa! Waɗanda ke jikinta da safe. Ina suke?"

Tahirou ya dubi Rabiou, Rabiou ya dubi ƙasa. Ta zagaya motar, ta leƙa bayan gida, ta leƙa bayan a-kori-kurar Rabiou. Babu komai sai tsofaffin kwalaye.

Da ƙyar maganar ta fito. Da sassafe suka cire su, Rabiou ya kai shagonsu don a haɗa da cinikin sababbin. Wani Bature mai zuwa shagon, wai shi Mista Hockett, ya gan su tun ba a sauke ba, ya ce ya daɗe yana neman irinsu. Nan take aka loda masa a mota.

"Tsofaffi ne fa, Madam," in ji Rabiou. "Ɗaya ma duk ta karce."

"A ina yake?"

"Pleasant Garden. Amma ba a zuwa gidan Bature haka kawai."

"Kwatanta mini."

Ya ƙi da farko. Ta tsaya a kansa da yankin ƙarfe a hannu, ba ta ɗaga ba, ba ta kuma ajiye ba, har ya faɗa: in an wuce coci mai farar hasumiya, hanya ta biyu a dama, gida mai jan rumbu a baya. Ta shiga ɗaki ta ɗauki waya ta kira Yemima. Kafin ta fito ta nannaɗe wayar lantarkin nan ta jefa cikin injin wanki ta rufe.

"Duk wanda ya sake taɓa motar nan kafin in dawo," ta ce da su daga ƙofa, "'yan sanda zan kira masa. Takardarta sunana ne a kai. Ku tambayi mai kadon, ya sani."

Yemima 'yar Kafanchan ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ita ce ƙawar da Fassouma ta fara yi a garin, ranar da suka ji juna suna Hausa a layin biyan kuɗi na kanti. Ta zo da ƙaramar Toyotarta, da kayan aiki a jikinta. Sai da suka hau titin Randleman sannan ta ji labarin duka.

"Yanzu saboda wili ne duk wannan?" ta ce. "Na ɗauka wani ne ba lafiya."

"Ki tuƙa kawai."

"Ina tuƙi. Amma 'yar'uwa, ki tsaya ki duba. Wata mijinta ko man shafawa bai taɓa sayo mata ba. Naki ya je ya sayo miki wili mai tsada."

"Ni ya sayo wa? Na taɓa cewa ina so? Ko sau ɗaya kin taɓa jin na ce jantin motata sun ishe ni?"

"Ban ji ba."

"To shi ma bai ji ba. Da safe ya dube ni ido cikin ido ya ce baƙin mai. Na miƙa masa makulli da hannuna, har ina ce masa ya yi hankali da murfin, yana da tauri. Ashe dariya yake yi mini a ciki."

"Bai yi da mugun nufi ba."

"Yemima, in kin sake faɗar wannan kalmar, ki sauke ni in taka da ƙafa. Tun ɗazu ita ake jefa mini. Nufi ne zai mayar da ƙarfen da aka yanke?"

Gidaje suka fara nisa da juna, filaye suka buɗe, ga shanu jefi-jefi a bayan shinge. Fassouma na riƙe da yankin ƙarfen a kan cinyarta. Sai a lokacin ta lura bakinsa ya tsaga mata yatsa, jini ya ɗiga a zanenta.

Ba su sha wuyar gane gidan ba. Ƙofar jan rumbun a buɗe take, kuma tun daga nesa Fassouma ta ga abin da ta zo nema. Wata Chevelle ce ja tana tsaye a ciki, a kan jantinta. Mutumin ko rana bai bari ta juya ba, ya ɗaura su.

Mista Hockett dogo ne, siriri, ya manyanta, hularsa ta sha mai. Ya fito yana kallonsu da mamaki, karensa na biye. Fassouma ta yi masa bayani da Turancinta na shago, wanda in ranta ya ɓaci Faransanci ke kutsowa ciki. Ta ce jantin nata ne, an sayar ba da saninta ba, ta zo ta karɓa, kuma duk abin da ya bayar za a mayar masa.

Ya saurara har ta gama. Ya cire hula ya sosa kai.

"Ban ji daɗin wannan ba, Madam," ya ce. "Amma ni a shago na saya, da rana tsaka, a hannun mai shago. Shekaru nake yawon neman cikakken saiti irin wannan. Har Tennessee na je."

"Ba nasu ba ne da za su sayar."

"Wannan tsakaninki da su ne."

Ta wuce shi ta shiga rumbun ba tare da an ce ta shiga ba. Ta tsuguna a gaban tayar dama ta gaba, ta ɗora yatsa a kan wani dogon karce da ke bakin jantin.

"Ka ga wannan? Ni na yi shi. Ranar da na fara fita titi ni kaɗai, na goga da dakalin gefen hanya a gaban gidan waya. Na zauna a motar ina kuka kamar yarinya. Kai me ka sani a kansu?"

"Na san za a iya goge shi," in ji shi a hankali.

Da zagi ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta miƙe. Ta ce za ta ƙara masa a kan abin da ya biya. Ya girgiza kai. Ta ce za ta kawo masa sababbin nan masu walƙiya ya riƙe duka. Ya yi ɗan murmushi, ya ce irin waɗannan ko kyauta aka ba shi ba zai sa wa motarsa ba, ai ɓata mota ne. Nan ta ji kamar ta shaƙe shi, don abin da take ta faɗa tun rana ke nan, kuma mutum na farko da ya yarda da ita shi ne wanda ya riƙe mata kaya.

"Ki ce wa mijinki ya kira ni," ya ce. "In na ji labarin wani saitin, zan sanar da shi."

"Mijina ba shi da mota."

Ya dube ta, ya dubi ƙarfen da ke hannunta. Ya miƙo hannu, ta ba shi. Ya jujjuya shi, ya ga inda injin ya bi a karkace, ya ja tsaki irin nasu na Turawa.

"Da me suka yanka wannan? Gefe biyun duka?"

"Ɗaya. Na tarar da su."

Ya miƙa mata abinta, ya shige can cikin rumbun. Suka ji yana ture-ture. Can sai ga shi yana gangaro da wata taya a kan baƙin janti na ƙarfe, irin na motar ɗaukar kaya, ba ado, tsatsa ta ci gefensa. Ya koma ya gangaro da sauran.

"Su ne a jikin tawa har yau da safe. Ba su da kyau, amma daidai suke da motarki, ba za su gogi komai ba. Ki ɗauka, kyauta."

"Na ƙoshi da kyauta yau."

"To aro. Ki dawo da su ranar da kika ga dama."

Ta so ta juya ta bar masa tarkacensa. Yemima ta taɓa mata hannu ta ce da Hausa, "Da me za ki je aiki ranar Litinin? Da wilin Rabiou?" Wannan ya yanke maganar. Suka cusa biyu a but, biyu a kujerar baya, Toyotar ta zauna kamar an ɗora mata buhunan siminti. Fassouma ba ta yi masa godiya ba. Yemima ce ta yi, ta leƙo ta taga.

Rana ta yi sanyi sa'ad da suka iso gida. Baƙin duk sun watse, an kwashe kofunan shayi. Motar na tsaye a ƙasa a kan sababbin jantin gaba da baya, an wanke ta, an goge ta, ruwa na ɗiga daga bamba. Tahirou na zaune a matakalar baranda. A fili yake abin da ya yi fata: in ta gan ta a kammale, tana sheƙi, zuciyarta za ta sauko.

"Na ce kar a taɓa," in ji Fassouma.

"Ba a yanka komai ba. Ɗaurawa kawai na yi. Ki tsaya daga can ki dube ta, don Allah. Ki duba kawai."

Ta duba. Motar ta yi mata kama da tsohuwar kirki da aka sa wa takalmin 'yan rawa. A hagu ga yankan nan, baki-baki, farin ƙarfe a waje. A dama kuwa taya ta matse da jiki, ko yatsa ba zai shiga ba.

Suka sauke baƙaƙen jantin ita da Yemima. Yemima ta dubi mijin, ta dubi matar, ta ce tana da aikin yamma, ta ja motarta. Fassouma ta shiga ta canza zane zuwa tsohon wando, ta fito da jak da sifana daga but ɗinta. Tahirou ya tashi.

"Kawo in yi."

"Koma ka zauna."

Ta fara da gaba. Ta sassauta notuna, ta ɗaga motar, ta zare jantin mai walƙiya, ta bar shi ya gangara ya faɗi a ciyawa da fuska. Ta ɗaga baƙin da gwiwa da hannu, ta daidaita ramukan, ta ɗaura notunan ɗaya nan ɗaya can tsallake, yadda Mis Odessa ta ce marigayi mijinta yake yi. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta gama na biyu, ta koma baya, wajen yankan. A nan wani noti ya ƙi motsi. Ta danna da hannu, ta taka sifanar da ƙafa, ta hau kanta da duk nauyinta. Sifanar ta zame, ta tafi gaba, gwiwar hannunta ta daki bakin ƙarfen da aka yanke. Fata ta buɗe.

Tahirou ya yo kanta. Ta ɗaga masa hannu.

"Kar ka taɓa ni."

"Jini kike yi!"

"Aikin abokinka ne. Ka je ka yi masa barka."

A nan shi ma nasa ya tashi. Mutum ne mai sanyi, wanda ke tashi da asuba ya bi motar ma'aikata zuwa masaƙa, ya dawo da auduga a gashin kai, bai cika ɗaga murya ba. Yau ya ɗaga.

"Kin san abin da kika yi mini? A gaban Rabiou, a gaban dattijon da ya girmi ubana, kika kira sunana kamar yaron gidanku! Kika ce za ki kira mini 'yan sanda! Ni! A kan me? A kan na so in sa hannuna a abu ɗaya a gidan nan? Kullum ina gefe kamar fasinja. In muka je wuri, kin san abin da ake faɗa a bayana? Wai matarsa ce ke ɗauko shi tana sauke shi."

"A gabanka fa, me ake cewa? Motar Tahirou! Motar Tahirou ta iso. Tahirou, motarka ta yi kyau. Ina tsaye da makulli a hannu. Ko sau ɗaya ka taɓa buɗe baki ka ce ba tawa ba ce, ta Fassouma ce?"

"Miji da mata ai—"

"Ko sau ɗaya?"

Ta ɗaga hannuwanta ta nuna masa yatsunta.

"Tsaye nake yini a kan kawunan mutane, yatsuna har ba sa miƙewa da dare, da haka na same ta. Ban hana ka hawa ba. Ban hana ka tuƙawa ba in ka tambaya. Da ka ce mini kana son janti mai walƙiya, da mun yi musu, da na ce a'a, da ka yi fushi, shi ke nan. Amma ka san zan ce a'a, shi ya sa ka ce baƙin mai. Ka kuma yi wa Rabiou alkawarin ɗaukar amarya da motar da ba ka tambayi mai ita ba. Sannan ka sa mata suna kado, don in na yi magana in zama marar godiya."

Ɗaliban gidan gaba sun fito baranda da kwalaben lemo suna kallo, ba su jin ko kalma ɗaya. Tahirou ya tsaya yana huci. Sai ya duƙa ya ɗauki sifanar daga ƙasa, ya sa a notin, ya zura wani guntun bututu a hannunta don ya ƙara tsawo, ya danna. Notin ya yi ƙara ya saki. Ya jefar da sifanar a gabanta, ya shige gida, ya bugo ƙofa har labule ya faɗo.

Ita ta ƙarasa sauran. Ta ɗaure hannun da ɗankwalinta, ta ɗaura na uku da na huɗu, ta sauke motar, ta bi notunan ta ƙara matsewa. Ta tada inji ta fita. Ta bi titin Lee har ta wuce filin wasa, sitiyari na ɗan rawa a hannunta saboda tsofaffin tayoyin, iska na shiga ta wurin yankan tana wani siririn fito da ba ta taɓa ji ba. Ta ƙara wuta don injin ya danne shi. Bai danne ba.

Sababbin jantin suka kwana a ciyawa. Washegari Rabiou ya zo ya kwashe su tun ba ta tashi ba. Ba ta je bikin ƙanwarsa ba, an ɗauki amarya a wata farar mota ta haya, kuma daga ranar in sun haɗu a shagon nama sai ya juya yana karanta abin da aka rubuta a jikin buhun shinkafa. Matan garin suka rabu, waɗansu na cewa ta yi rashin kunya, waɗansu na zuwa kitso su sa ta ba su labarin tun daga farko, su yi ta dariya suna tafa hannu. Ita ba ta dariya.

A gida kuwa sun daɗe ba mai ce wa wani komai sai abin da ya zama dole. Tana dafa abinci ta rufe masa, yana ci ya wanke kwanonsa. Aka aiko dattijon nan ya zo sulhu, ya ce ta ba mijinta haƙuri a kan sunan da ta kira, shi kuma ya ba ta haƙuri a kan motar. Ta ce ta yarda, amma shi zai fara, tun da shi ya fara. Tahirou ya ce ya yi kuskure da bai tambaya ba. Ta ce ita ma bai kamata ta yi masa a gaban mutane ba. Dattijon ya shafa fatiha ya tafi da murna. Su biyun suka ci gaba da zama a falo, kowa na kallon gefensa, don kowa ya san rabin abin da ke ransa ya faɗa.

Sai da kaka ta shigo, ganye ya fara ja, sannan ta kai motar wurin wani mai gyaran jikin mota a bayan titin jirgin ƙasa. Mutumin ya tsuguna ya shafa yankan da babban yatsa, ya ce zai iya yin walda ya cike, amma kada ta sa ran fentin zai zo daidai, koren nan ya sha rana shekara da shekaru, sabo ba zai taɓa kama shi ba.

"Akwai hanya mafi sauƙi," ya ce. "In yanke ɗaya gefen daidai da wannan, in goge bakin duka biyun. Ba wanda zai san ba haka ta fito ba."

Fassouma ta dube shi har sai da ya miƙe tsaye ya ja da baya.

"Ka cike," ta ce. "Kuma ina nan zaune har ka gama."

Ya ce aikin zai kai yamma. Ta jawo wata tsohuwar kujerar mota da ke jingine a bango, ta kaɗe ƙurar, ta zauna inda take ganin hannunsa, ta ɗora jakarta a cinya. Ya sauke gilashin fuskarsa ya kunna wutar walda.